Hannun Malam Kurihara

"Baba, sau ɗaya kawai. Ka zauna da shi sau ɗaya. In ka ce a'a bayan nan, ba zan sake buɗe baki ba."

Chizuru tana durƙushe a kan tabarma, a bakin ƙofar ɗakin rubutu, hawaye na ɗiga a kan gwiwarta. Shekararta talatin da ɗaya, ita ke riƙe da ɗakin karatu na wata makarantar sakandare, yara na shiga taitayinsu da ta ɗaga ido. Amma a gaban mahaifinta har yau muryarta rawa take yi.

Malam Kurihara bai juyo ba. Yana fuskantar farar takarda, hannunsa na dama a ɓoye cikin faffaɗan hannun rigarsa.

"Ai na gan shi a hoto," ya ce. "Kunnuwa biyu, hanci ɗaya. Ban ga abin da zama zai ƙara ba."

"Baba..."

"Shekara arba'in ina koya wa 'ya'yan manyan birnin Kanazawa riƙe burushin rubutu. Rubutuna yana rataye a wuraren ibada uku. Yanzu in aka tambaye ni sana'ar surukina, me zan ce? Yana wanke tsofaffi, yana canza musu zanen gado?"

Chizuru ta share fuska da bayan hannu.

"Ka ce yana kula da iyayen da 'ya'yansu suka gaji da su."

Maganar ta shige shi. Ya san inda ta samo irin wannan harshe, don a wurinsa ta gada.

Isamu Nogami shi ne sunan mutumin. Shekara biyu ke nan yana neman Chizuru, shekara biyu kuma Malam yana cewa a'a, ƙanwarsa Gwaggo Tomiko na taya shi. Gwaggo tana da nata ɗan takarar: Kazuma, ɗan ƙanen mijinta, likitan haƙori mai asibitin kansa. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da laifi ba, ba a kuma taɓa kama shi da magana mai daɗin saurare ba.

"To," in ji Malam. "Ranar Asabar da rana. Shagon Hayase."

Chizuru ta ɗago da sauri. Murna ta fara zuwa fuskarta, sai tsoro ya riga ta.

"Shagon Hayase? Baba, Isamu bai taɓa shiga wuri irin wannan ba."

"Na sani," in ji shi. "Ja mini ƙofa."

Sai da ƙarar takunta ta ɓace sannan ya zaro hannun.

Yana rawa. Babban yatsa da manuni suna murza juna, kamar masu mulmula wani abu da ba a gani. Wata takwas ke nan da abin ya fara. Ya gaya wa ɗalibansa hutu yake yi. Ya gaya wa Chizuru ya fi son cin abinci shi kaɗai a ɗakinsa, don surutu na hana shi tunani. Bai je wurin likita ba. Ya karanta littattafai da yawa a rayuwarsa, ya san sunan da likita zai faɗa, bai ga dalilin yin layi don a maimaita masa ba.

Ya dubi hoton marigayiya matarsa Sumie, wanda ke kan ɗan kabad ɗin da ake kunna mata turare.

"Kada ki kalle ni haka," ya ce. "Da rana yakan lafa."

* * *

Ranar Asabar aka tashi da yayyafi.

Shagon Hayase ba shi da allo a waje, sai wani shuɗin labule a bakin ƙofa. Kujeru takwas ne, a jere gaban doguwar kanta ta farin katako wadda ake gogewa kullum har ta yi laushi kamar fata. Ba a ba mutum takardar zaɓen abinci. Ka zauna, ka ce wa maigida ka bar masa zaɓi, shi ke nan. Abin da teku ta bayar da asuba, abin da idonsa ya ga ya dace da kai, shi za ka ci, loma ɗaya bayan ɗaya.

Dalilin da ya sa Malam ya zaɓi wurin ke nan. A nan babu lungu. Yadda mutum ya zauna, yadda ya riƙe tsinken cin abinci, yadda ya yi shiru, duk a fili suke. Yana so Chizuru ta gani da idonta.

Sun tarar da Isamu tsaye a ƙarƙashin rumfa. Dogo ne, kafaɗunsa sun fi ƙarfin kwat ɗinsa. Ya sunkuya sosai.

"Malam, na gode da ka ba ni wannan lokaci."

"Kada ka gode tukuna."

Malam ya tsaya naɗe lemarsa. Maɓallin ya ƙi shiga. Ya gwada sau biyu, sannan ya cusa ta a ma'ajiyar lema a haka.

Suna ɗaga labule suka ga Gwaggo Tomiko ta riga su zama, Kazuma a gefenta da gashi a kwance luf.

"Kai, Yaya, ka ga ikon Allah!" in ji Gwaggo. "A hanya na gamu da Kazuma, na ce ya zo mu gaisa."

"A shagon da sai an kama kujera tun kafin ranar," in ji Malam. "Lallai hanya ta yi miki kirki."

Chizuru ta cije leɓe. Isamu ya sunkuya wa Kazuma kamar bai san dalilin zuwansa ba.

Malam ya zauna a tsakiya, daidai gaban maigida. Ya sa Isamu a damansa don ya sa masa ido da kyau. Chizuru a hagu, sai Gwaggo, sai Kazuma a ƙarshe.

Hayase ya haura saba'in, kansa a aske ƙwal. Ya dubi Malam, ya ɗan rusuna.

"Malam, shekara huɗu rabonka da nan."

"Shekara huɗu."

Ba wanda ya ambaci sunan Sumie, wadda da ita ake zuwa nan sau ɗaya kowace shekara. Hayase ya jiƙa yatsunsa, ya tafa sau ɗaya, ya ɗebo shinkafa.

Duk wanda ya saba da wurin ya san dokar. Shinkafar Hayase da ɗuminta take zuwa, kuma ba ya matse ta, tattara ta kawai yake yi, yadda za ta tsaya a kan kanta amma ta warware a baki. In ya ajiye maka, sai ka ɗauka nan take. Wanda ya bar loma ta zauna har ta huce, ya gaya wa maigida baƙar magana ba tare da ya buɗe baki ba.

Lomar farko ta sauka a gaban Malam, shi ne babba. Farin kifi ne, an shafa masa romon waken soya, yana sheƙi.

Ya zaro hannu, ya ɗauki tsinkaye.

Bakinsu ya fara bugun juna. Ƙas, ƙas, ƙas. Ƙarar ba ta fi ta agogo ba, amma a kunnensa kamar ana buga ƙarfe. Ya matse yatsu, rawar ta ƙaru. In ya kama shinkafar nan a haka, za ta watse a kan farin katakon, a gaban 'yarsa, a gaban ƙanwarsa, a gaban likitan haƙori.

Ya ajiye tsinkayen. Ya dubi kofin shayi, ya ga cike yake har baki. Ya mai da hannun cikin riga.

Hayase ya ajiye wa Isamu tasa, ya ajiye wa Chizuru. Ba wanda zai taɓa kafin babba ya ci. Lomar Malam tana zaune tana hucewa. Zufa ta karyo masa a ƙeya. Ramin da ya haƙa wa wani, ga shi tsaye a bakinsa.

Sai aka ji wani abu ya faɗi ƙasa.

Tsinken Isamu ne, ya gangara ƙarƙashin kujera. Kowa ya juya wajensa.

"Ayya, Maigida, a yi mini afuwa," in ji Isamu da ƙarfi, yana sosa ƙeya. "Ni ɗan ƙauyen masunta ne, daga Noto. A gidanmu da hannu muke cin wannan. In na ce zan kama da tsinke, wargaza maka aiki zan yi. Ko zan iya sa hannu?"

Gwaggo Tomiko ta ja numfashi har aka ji. Kazuma ya yi murmushi yana kallon silin. Fuskar Chizuru ta yi ja har kunne.

Hayase ya ɗago kai. Ya dubi Isamu. Ya dubi hannun rigar Malam, daidai ƙiftawar ido. Sannan ya ce:

"Da hannu na yi shi. Ba zai ƙi hannu ba. A zamanin mahaifina duk mai shiga nan haka yake ci."

Ya jera ƙananan tsummoki masu danshi, ɗaya a gaban kowa, na goge yatsu.

Isamu ya juyo wajen Malam, ya rage murya kaɗan, amma yadda kowa zai ji.

"Malam, don Allah kada ka bar ni in ji kunya ni kaɗai."

Yana faɗa yana nunawa, kamar bai san yana yi ba. Ya manna gwiwar hannunsa a haƙarƙari, ya matso da ƙirjinsa kusa da katakon kantar, ya sa yatsu uku ya ɗauka. Tafiyar daga katako zuwa baki ba ta kai taƙi ɗaya ba. Faffaɗar kafaɗarsa kuma ta jingino ta rufe gefen.

"Tun da baƙo ya roƙa," in ji Malam, muryarsa a bushe.

Ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari. Ya matso. Ya sa yatsu uku.

Lomar ta isa baki lafiya.

Shinkafar ta warware a kan harshensa, da ɗan tsaminta da sauran ɗuminta, kifin ya biyo da sanyi da zaƙi, yajin wasabi ya hau hanci ya wuce. Wata takwas rabonsa da ya ci abinci da mutum a gefensa. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a kan katako, don bai amince da fuskarsa ba.

"Yaya, kai ma?" in ji Gwaggo.

"Ci abincinki, Tomiko, yana hucewa."

Daga nan Malam ya fara lura da wasu abubuwa. Loma ta biyu ta sauka kusa da shi fiye da ta kowa. Ta fi ta sauran ƙanƙanta, kuma da ya ɗauka ya ji an ɗan ƙara matse shinkafar. Aka ɗauke kofin shayinsa aka kawo wani, rabi kawai aka zuba. Hayase bai sake kallonsa ba. Yana yanka, yana tafawa, yana ajiyewa, fuskarsa kamar ta mai jiran jirgin ƙasa.

Aka kawo jatan lande ɗanye mai zaƙi. Aka kawo ɗan kifin nan mai fatar azurfa da ake jiƙawa a ruwan tsami, wanda da shi ake auna gwanintar mai shago. Kazuma ya ga lokacinsa ya yi, ya shiga bayanin watan da kowane kifi yake ƙiba, da tekun da ya fi kyau, duk daga wata mujalla da ke ajiye a ɗakin jiran asibitinsa. Hayase, wanda ya yi shekara hamsin yana zuwa kasuwar kifi kafin gari ya waye, ya saurara cikin ladabi.

Da bayanin ya ƙare, Kazuma ya leƙo ta gaban mata biyun.

"Nogami, aikinku akwai lada fa. Amma ina tambaya, da hannun nan da kake cin abinci kake yi wa tsofaffin... komai da komai?"

Gwaggo ta rufe baki da tsumma tana dariya. Chizuru ta runtse ido.

"Da shi ne, Likita," in ji Isamu. "Shi ya sa duk wurin nan ba wanda ya kai ni iya wanke hannu, in ka cire Maigida. Kai ma ai ka sani, tun da a bakin mutane kake wuni."

Kafaɗar Hayase ta ɗan motsa. Malam ya kai shayi baki da hannun hagu don ya ɓoye abin da leɓensa ke shirin yi.

Gwaggo ta sunkuyo wajen Chizuru tana raɗa, irin raɗar da ake yi don a ji.

"Ki buɗe ido ki gani, 'yar nan. Da wannan za ki shiga taron mutane? Mahaifiyarki da tana raye, da kunya ta kashe ta yau."

Hawaye ya cika idon Chizuru. Malam ya ga haɓarta na rawa, irin rawar da take yi tun tana ƙarama in za ta yi abin da aka hana ta. Ta ajiye tsinkayenta a hankali, ta daidaita su. Ta miƙa hannu ta ɗauki lomarta da yatsu.

"Chizuru!"

"Ya fi daɗi haka, Gwaggo," ta ce, hawayen na gangarowa. "Ki gwada."

Aka zo kan kifin nan mai baƙin maƙogwaro, abin alfaharin garin, an ɗan babbaka fatarsa har kitsen ya taso. Wannan Hayase bai ajiye shi a katako ba. Ya miƙo shi kai tsaye cikin tafin hannun Malam, ya kuma bar yatsunsa a wurin har sai da lomar ta zauna. Daga shi sai wainar ƙwai mai zaƙi, wadda da ita ake rufewa.

"Na ci, na gode," in ji Malam da suka miƙe. Kalmomin da kowa ke faɗa ne in an gama cin abinci. Ya faɗe su sau dubbai a rayuwarsa, bai taɓa jin nauyinsu a baki kamar yau ba.

"A sake dawowa, Malam," in ji Hayase. "Kada a kai shekara huɗu."

* * *

A waje yayyafin ya tsagaita. Gwaggo ba ta jira sun yi nisa da labule ba.

"To, Yaya, ka gani da idonka. Magana ta ƙare."

"Ku je bakin titi ku tsayar da tasi. Ina da magana da wannan mutumin."

Chizuru ta dubi Isamu, kallon mai ban kwana. Gwaggo ta ja hannunta suka tafi, Kazuma na biye da su da lema.

Malam ya jira har suka sha kwana.

"Tun yaushe ka gane?"

Isamu bai yi kamar bai fahimta ba.

"Tun a bakin ƙofa, Malam. Maɓallin lema."

"A ƙauyenku da gaske da hannu ake ci?"

"Mahaifiyata da ta ga na yar da tsinke a gaban manya, da ludayi za ta bi ni har bakin teku."

"Wato ƙarya ka yi."

"Na yi, Malam."

"Ka san don in kunyata ka na kawo ka nan?"

"Na sani."

"Kuma ka ɗauki kunyar da hannunka ka ɗora wa kanka, a gaban matar da kake so, a gaban abokin takararka."

"Ni kunyata ta yini ɗaya ce," in ji Isamu. "Taka da ta fi haka daɗewa."

Malam ya kawar da kai, ya dubi ruwan da ke ɗiga daga rumfa. Ya saba da mutanen da in sun yi maka alheri sai sun tsaya a kansa suna jiran tafi. Wannan kuwa tsaye yake kamar mai jiran hukunci.

"Saurara," ya ce. "Ni ba na son zagaye-zagaye. Chizuru ba ta sani ba, ba kuma na so ta sani. Ka riƙe bakinka har abada, ni kuma in ba ka ita. Yau ɗin nan zan faɗa a gaban gwaggonta."

Isamu ya dube shi. Shekara biyu yana jiran wannan kalma, ga ta an miƙo masa.

"A'a, Malam."

"Me ka ce?"

"Ba zan gaya mata ba, don ba sirrina ba ne. Ko ka ba ni ita, ko ka hana ni, bakina a rufe yake. Amma ba zan karɓe ta a matsayin ladan shiru ba. Ta yaya zan zauna da ita shekara da shekaru, ina kallon idonta, na san da abin da na same ta?"

"Kai wawa ne?"

"Wataƙila." Muryarsa ta fara karyewa. "Malam, ka yafe mini, zan faɗi abin da ba hurumina ba. Ka san abin da ya fi sa ta kuka? Ba maganarmu ba ce. Kullum sai ta dafa abinci ta kai maka bakin ƙofa, ta koma ta zauna ita kaɗai a teburi. Tana cewa don ta nace a kaina ne ka daina son ganin fuskarta. Tana cewa ta rasa uwa, yanzu kuma ta rasa uba saboda ni. Sau biyu ina ce mata mu haƙura, don ta samu ka dawo teburin."

Malam ya sunkuyar da kai.

Wata takwas yana zaton kare ta yake yi. Bai taɓa tambayar kansa abin da take gani daga wancan gefen ƙofar ba. Ya karanta labaran iyaye masu taurin kai ba adadi, yana yi musu dariya a gefen shafi.

"Kuma akwai magani," in ji Isamu yana share ido da hannun kwat. "Ba ya warkarwa, amma yana sassautawa. Akwai wani tsoho a wurin aikinmu, shekara shida yana sha, har yanzu shi ke ɗaure igiyar takalminsa, yana kuma zagin duk wanda ya ce zai taya shi."

"Da alama za mu shirya da shi."

"Za ku shirya, Malam."

Sai ga Chizuru ta dawo da gudu-gudu, Gwaggo na binta tana kiran sunanta. Ta tsaya a gabansu tana haki, idonta jawur.

"Baba, na yi alkawari ba zan sake buɗe baki ba, amma ba zan iya ba. Kada ka kore shi saboda tsinke. Bai saba ba ne. Zan koya masa, zan..."

"Ya iya riƙe tsinke," in ji Malam. "Ni ne ban iya ba."

Ta tsaya da baki buɗe.

Ya zaro hannun daga cikin riga, ya miƙa shi a tsakaninsu, a hasken rana. Bai matse shi ba. Ya bar shi ya yi rawarsa yadda yake so.

Chizuru ta kalli hannun. Ta kalli mahaifinta. Ta juya ta kalli Isamu, wanda ya sunkuyar da kai. Malam ya ga lokacin da komai ya haɗu a fuskarta.

"Tun yaushe?" ta tambaya da ƙyar.

"Wata takwas."

"Shi ya sa ka daina..." Kuka ya ƙwace mata. Ta kama hannun da hannayenta biyu ta manna a kumatunta. "Baba, na ɗauka ka tsane ni! Kullum ina tsaye a bayan ƙofa ina jin ƙarar cokali, ina cewa me na yi da ba za a yafe ba? Me ya sa ba ka gaya mini ba? Me ya sa?"

"Girman kai," ya ce. "Shi kaɗai ya rage mini da bai fara rawa ba."

Ta yi dariya a cikin kukan, ta ƙara ƙanƙame hannun.

Gwaggo Tomiko ta ƙaraso. Ta ga hannun, fuskarta ta sauya. Amma Gwaggo ba ta saba barin fili ba.

"To ai wannan ma dalili ne, Yaya. Yanzu ne kake buƙatar likita a gida."

"Haƙorana lafiyarsu ƙalau."

"Yaya, ina gaya maka, in ka ba wa wannan mutumin 'yarka, ƙafata ba za ta taka wurin bikin ba, kuma dangi kaf za su ji daga bakina!"

"Za su ji ko ba ki da dalili, Tomiko."

Ya zare hannunsa daga na Chizuru a hankali. Ya juya ya fuskanci Isamu, ya daidaita tsayuwarsa, ya sa hannayensa biyu a cinya, mai rawa da marar rawa. Sannan ya sunkuya. Sunkuyo mai zurfi, wanda bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba, a kan titi, mutane na wucewa. Ya daɗe a haka.

"Malam, don Allah ka ɗago!" in ji Isamu a ruɗe, shi ma ya sunkuya har ya fi shi ƙasa.

"Na gode da abincin yau," in ji Malam, kansa a ƙasa.

Da ya ɗago, Chizuru na kallonsa, hannunta a kan baki.

"Baba... ka amince ke nan?"

"Ranar Litinin zai raka ni asibiti, tun da ya san hanya. Ranar Lahadi mai zuwa kuma ya kawo mahaifiyarsa gidanmu, mu ci abinci a teburi ɗaya." Ya gyara hannun rigarsa. "Ni ne zan roƙe ta ta ba mu ɗanta. Ki yi fatan ta fi ni sauƙin kai."